Ɓera, zomo da kwaɗo: tarihin gwajin ciki

Ƴan uwa masu karatu, maza da mata, yau za mu taɓa maganar da ba a cika yi cikin taro ba. Ku yi haƙuri da ita, don ta shafi kowane gida.

Mace ta yi ɓatan wata. Ciki ne, ko kuwa ciwo ne? Wa zai gaya mata?

A garuruwanmu tsofaffin mata ne ke da wannan sani. Tsohuwa za ta dubi idon yarinya. Ta ga fatarta ta yi haske. Ta ga tana yawan tofar da miyau, tana barci da hantsi, ta ƙi miyar da ta saba sha. Sai tsohuwa ta yi murmushi, ta ja bakinta ta yi shiru. Sau da yawa abin da ta gani gaskiya ne. Amma kafin alamun su fito sosai, ciki ya yi wata biyu ko uku. Ita kuwa yarinya, in cikin fari ne, kunya ba za ta bar ta ta buɗe baki ba, ko da uwarta ce ta tambaye ta.

Yanzu kuma ga wani ɗan tsinke ana sayarwa a farmasi, akwai shi a gidajen likita. A tsoma shi cikin fitsari, a jira ƴan mintoci. In layi biyu suka fito, akwai ciki. In layi ɗaya ne, babu. Yaya aka yi tsinke marar ido ya riga tsohuwa gani? Labarin yana da tsawo. Ya faro daga ƙasar Masar, ya bi ta kan ɓeraye da zomaye da kwaɗi masu yawan gaske. Ku gyara zama.

Alkama da sha'ir

Fiye da shekara 3000 da suka wuce, zamanin Fir'aunoni, masu magani na Masar sun rubuta wata dabara. Sun rubuta ta bisa takardarsu, wadda suke yi da wata ciyawa ta bakin kogin Nilu. Takardar tana nan har yau, an adana ta a birnin Barlin na ƙasar Jamus.

Ga dabarar. A sami ƴan jakunkuna biyu, ɗaya da alkama, ɗaya da sha'ir. Mace ta riƙa jiƙa su da fitsarinta kullum. In hatsin ya tsiro, tana da ciki. In bai tsiro ba, babu. Har suka ƙara da cewa, in sha'ir ne ya tsiro namiji za ta haifa, in kuwa alkama ce, mace.

Wani zai yi dariya. To, a 1963 wasu masana a birnin Alƙahira suka ce bari su gwada su gani. Suka sami fitsarin mata masu ciki, da na marasa ciki, da na maza. Na maza da na marasa ciki ya hana hatsi tsirowa. Na masu ciki kuwa, cikin kowane goma wajen bakwai hatsin ya tsiro. Zancen namiji ko mace ne dai bai tabbata ba.

Ashe mutanen da sun hango gaskiya. Fitsarin mai ciki ba ɗaya yake da na sauran mutane ba. Akwai wani abu a cikinsa. Sai dai ba su san ko mene ne ba. Kuma bakwai cikin goma bai isa a dogara da shi ba, tun da mata uku za a ce musu babu, alhali akwai.

Bayan su an yi ɗaruruwan shekaru ana lalube cikin duhu. A Turai an yi wasu masu magani da ke zuba fitsari a kwalba, su ɗaga ta sama su dubi launinsa. Wasu su gauraya shi da giya, sannan su faɗi abin da suka ga dama. Duk shaci-faɗi ne.

Ɗan aike cikin jini

Ƙofa ta buɗe ne a 1902, a birnin Landan na ƙasar Ingila, kuma ba ta wajen zancen ciki ba. Za ku ci karo da sunayen Turawa masu wuyar faɗi daga nan. Kada su dame ku, aikin da suka yi shi ne abin riƙewa.

Wasu masana biyu, Bayliss da Starling, suna binciken yadda kare ke narkar da abinci. A lokacin an ɗauka cewa gaɓoɓin jiki ba su da hanyar yi ma juna magana sai ta jijiyoyi, kamar wayar tarho. Sai suka yanke duk jijiyoyin da ke zuwa wani yanki na hanjin kare. Suka zuba ruwa mai tsami cikin hanjin, irin wanda ke fitowa daga tumbi. Nan take wata gaɓa dabam ta fara zubo ruwan narkar da abinci. Wa ya gaya mata abinci ya iso, bayan an tsinke waya? Hanya ɗaya ce ta rage, ita ce jini. Hanji ya zuba wani abu cikin jini, jini ya kai saƙo.

A 1905 Starling ya sa ma irin wannan abu suna hormon. Kalmar Girkanci ce, ma'anarta mai tayarwa, mai motsawa. Mu sai mu kira shi ɗan aike. Sarki yana zaune a fada bai motsa ba, amma mai gari a ƙauye ya ji umarni, don ɗan aike ya hau doki ya kai. Jini shi ne hanyar da dokin ke bi. In ɗan aike ya gama aikinsa, ƙoda ta tace shi, ta fitar da shi cikin fitsari. Kun ga dalilin da ya sa tun zamanin Fir'auna ake ta komawa ga fitsari.

To, wane saƙo ake aikawa in mace ta sami ciki?

Duk wanda ya taɓa fiɗe kaza mai ƙwai ya ga tarin ƙwayaye a cikinta, manya da ƙanana. Mace ma tana da ma'ajiyar ƙwai biyu, dama da hagu. Sai dai nata ƙwan ƙarami ne ƙwarai, kamar ƙwayar rairayi mai laushi. Kowane wata ƙwai ɗaya yake fitowa. Mahaifa kuma ta yi shimfiɗa mai kauri, kamar yadda ake gyara ɗaki in ana jiran baƙo. In baƙo bai zo ba, sai a naɗe shimfiɗa. Wannan shi ne jinin da mace ke gani wata-wata.

In kuwa ƙwan ya gamu da ruwan namiji, sai ya yi tafiyar kamar mako guda cikin wata ƴar siririyar hanya, ya iso mahaifa, ya manne a bango. Nan fa akwai haɗari. In jiki bai san da zuwansa ba, lokaci na cika zai naɗe shimfiɗa, baƙo ya tafi tare da ita. Don haka wannan ɗan mitsitsin abu, tun bai da hannu bai da ƙafa, sai ya tura ɗan aikensa cikin jinin uwa: ina nan, kada a taɓa shimfiɗa. Ɓangaren da ke tura saƙon shi ne wanda zai zama mabiyiya. Masana suna kiran wannan ɗan aike da haruffa uku, HCG. Ma'ajiyar ƙwai in ta ji saƙon sai ta ci gaba da fitar da nata ɗan aiken, mai suna furojestaron, shi ne ke riƙe shimfiɗar. Ku riƙe sunansa, za mu sake gamuwa da shi in mun zo kan shanu.

A makonnin farko HCG yana ninka kansa kowane kwana biyu ko uku. Wajen mako na goma ya kai ƙololuwa, sannan ya ragu. Wanda ya iya kama wannan ɗan aike ya gane ciki. Amma yaya za a kama abin da ido ba ya gani, wanda ma'auni ba ya ɗauka?

Ɓerayen Barlin

Lokotoro biyu ne suka fara samo hanya a 1927, a wani babban asibiti na Barlin. Sunansu Aschheim da Zondek. Tunaninsu mai sauƙi ne. In mu ba mu iya jin saƙon, bari mu kai shi wurin wanda zai ji.

Suka ɗauki ƴan ɓeraye mata, ƙanana waɗanda ba su isa haihuwa ba, guda biyar domin mace ɗaya. Ɓera dai, wanda wasunmu ke ce ma kusu. Suka yi musu allurar fitsarin matar sau da yawa cikin kwana biyu zuwa uku. Wajen kwana na biyar suka kashe su, suka fiɗe, suka dubi ma'ajiyar ƙwansu. In matar tana da ciki, sai a ga ma'ajiyar ta kumbura, ta yi ɗigo-ɗigon jini, kamar ta babbar ɓera. Saƙon da ɗan tayi ya aika ma uwarsa, jikin ɓera ya ji shi, ya amsa. In babu ciki, ma'ajiyar tana nan ƴar ƙarama fara.

Wannan gwaji yana faɗin gaskiya wajen sau 98 cikin 100. Ku gwada shi da na alkama, ku ga nisan tafiya.

Amma fa ba na kowa ba ne. Sai an yi kiwon ɓeraye dubu bisa dubu, ana ba su abinci, ana share musu ɗaki. Ku ji wani abin mamaki: mu muna neman kyanwa ta raba mu da ɓera a rumbu, su suna biyan ma'aikata su yi renonsa. A birnin Edimbara na ƙasar Sukotlan an buɗe gida musamman domin wannan aiki a 1929. Lokotoro ya zuba fitsarin mace a kwalba, ya kai gidan waya, a aika. Bayan mako guda amsa ta dawo a takarda. Ba kowace mace ake yi ma ba. An fi yin sa in lokotoro yana shakka: wannan kumburi ciki ne, ko ƙari ne da ya kamata a fiɗe a cire? Kun ga a nan kuskure yana iya cin rai.

Su mutanen biyu kuwa ba su ci moriyar aikinsu a gida ba. Yahudawa ne. Bayan Hitila ya hau mulki a 1933 aka raba su da aiki. Aschheim ya koma Faransa, Zondek ya ƙare a birnin Ƙudus. Da farko sun zaci ɗan aiken daga wata gaɓa ta ƙarƙashin ƙwaƙwalwa yake fitowa. Daga baya ne aka tabbatar daga mabiyiya yake, kuma cikin waɗanda suka tabbatar har da wata lokotoro mace a Amurka, Georgeanna Jones.

A 1931 wani Ba'amurke mai suna Friedman ya sauya ɓera da zomo. Zomanya ɗaya ta isa. A yi mata allura a jijiyar kunne, bayan kwana biyu a fiɗe a duba. Har Amurkawa suka sami salon magana. In mace ba ta so ta ce tana da ciki, sai ta ce zomo ya mutu. Ku lura, su ma suna da tasu kunyar. Amma maganar ba daidai ba ce. Da ciki da babu ciki, zomo dai mutuwa yake.

Kwaɗon Afirka

Wanda ya ceci ɓera da zomo daga nahiyarmu ya fito. A tabkunan Afirka ta Kudu akwai wani irin kwaɗo mai faɗin jiki, mai ƴan farata a ƙafafun baya. Shi ba ya son tudu, cikin ruwa yake rayuwa. Wani masani ɗan Ingila, Hogben, yana koyarwa a jami'ar birnin Kef Tawun. Wajen 1930 ya lura cewa in aka yi ma macen kwaɗon nan allurar wani ɗan aike da aka ciro daga kan sa, sai ta zuba ƙwai ba lokacinta ba. A 1933 da 1934 wasu masana a Kef Tawun, Shapiro da Zwarenstein, da wani a Landan mai suna Bellerby, suka nuna cewa fitsarin mai ciki ma yana sa ta haka. An daɗe ana gardama kan wa ya riga wa. Sunan Hogben dai shi ya bi gwajin.

Dubi sauƙin abin. Da marece a yi ma kwaɗo allurar fitsari ƙarƙashin fatar baya. A sa ta cikin kwalba mai ruwa. Da safe a zo a duba. In an ga ƙwayaye sun cika gindin kwalba, matar tana da ciki. Ba wuƙa, ba jini. Kwaɗo ta huta ƴan makonni, a sake sa ta aiki. Daga nan aka shiga kama kwaɗin Afirka ta Kudu ana lodi a jiragen ruwa. Tsakanin 1940 da 1960 da ƴan kai, dubbai sun tafi asibitocin Turai da Amurka da wasu ƙasashe. Wasu sun tsere, wasu an sake su da aka daina bukatarsu. Jikokinsu suna nan cikin ruwayen ƙasashen da kakanninsu ba su taɓa sani ba.

A 1947 wani lokotoro a ƙasar Ajantina, Galli Mainini, ya ƙara rage wahala. Ya nuna cewa namijin kwaɗo na tudu, irin wanda ke kuka da damina, shi ma yana jin saƙon. Bayan awa biyu zuwa huɗu da allura sai ya saki ruwan haihuwarsa, a gan shi da madubin likita. Wannan ya yi ma ƙasashe matalauta daɗi, don kowa yana da kwaɗo a bayan gida.

Kwaɗo da mabuɗi

Hausa ta yi mana gata a nan. Kwaɗo na ruwa ya sauka daga aiki, kwaɗon ƙofa ya karɓa.

Kun san allurar rigakafi da ake yi ma yara. Ana sa ma jiki ɗan abin cuta marar ƙarfi. Jini ya ga baƙon abu, sai ya ƙera masu gadi domin shi kaɗai. Mai gadin ƙyanda ba ya kama komi sai ƙyanda. Kamar kwaɗo da mabuɗinsa ne, wani mabuɗi ba ya shiga. Sai masana suka ce: in muka yi ma zomo allurar HCG, jininsa zai ƙera masu gadin da ba su kama komi sai HCG. Mu ɗebi masu gadin mu zuba a kwalba. In fitsari yana ɗauke da mabuɗi, kwaɗo zai kama shi.

A 1960 masana biyu a ƙasar Suwidin, Wide da Gemzell, suka haɗa wannan gwaji. Sun yi aiki da masu gadi daga jinin zomo da ƙwayoyin jinin tunkiya. Cikin awa biyu an sami amsa, ba a kashe komi ba.

Saura matsala guda. HCG yana da ɗan uwa wanda ke cikin jinin kowace mace, da ciki ko babu. Sun yi kama kamar tagwaye. Masu gadi sukan kama wannan a maimakon wancan. A 1972, a wata cibiyar bincike ta gwamnatin Amurka kusa da birnin Washintan, wata lokotoro mai suna Judith Vaitukaitis da abokan aikinta suka warware wannan. Suka gano wurin da tagwayen suka bambanta, kamar a ce fuska ɗaya amma tsagar kumatu dabam. Suka sami mai gadin da ke duban tsagar. Ita ba ciki take nema ba. Akwai wasu irin ciwon daji da ke fitar da HCG, su take so ta riƙa bi. Amma gwajinta ya zamo yana ganin ciki a cikin jini wajen kwana goma bayan shigarsa, tun mace ba ta yi ɓatan wata ba.

Wadda ta kai gwajin cikin ɗakin mace kuwa ba lokotoro ba ce. Margaret Crane sunanta, mai zane ce, shekarunta 26. Wani kamfanin magani a Amurka ya ɗauke ta ta zana masa kwalayen kayan shafa. A 1967 ta shiga ɗakin gwajin kamfanin, ta ga ƴan kwalabe jere bisa madubi. Ta tambaya, aka ce gwajin ciki ne, in zobe ya fito a gindin kwalba akwai ciki. Ta ce, in iyakar aikin ke nan, me zai hana mace ta yi da kanta? Ta koma gida ta haɗa samfuri da ɗan akwatin roba. Manyan kamfanin suka yi ta ja da baya, suna tsoron abin da lokotoro za su ce. Sai a 1971 aka fara sayar da shi a ƙasar Kanada, a Amurka kuwa sai 1977.

Tsinken da kuka sani ya fito a Ingila a 1988. Cikinsa akwai ƴar takarda. Fitsari yana hawa takardar kamar yadda kananzir ke hawa lagwanin fitila. A hanya ya tarar da masu gadi masu ɗauke da launi. In akwai HCG su kama shi, su tafi tare. A gaba akwai wasu masu gadi da aka dasa a layi, su tare su duka, launi ya taru, layi ya fito. Layi na biyu shaida ne cewa tsinken yana da lafiya. Irin wannan dabara ce cikin tsinken gwajin zazzaɓin cizon sauro, wanda ake ɗiga ma jinin yatsa a gidan likita na ƙauye.

Abin da tsinke ke faɗi, da abin da ba ya faɗi

Ke ƴar uwa, ga abin da ya shafe ki. Fitsarin farko na asuba ya fi kauri, shi ya fi kyau. In kika yi gaggawa, ɗan aike bai taru ba tukuna, layi ɗaya zai fito ko da akwai ciki. Ki bari mako guda ki sake. Tsinken da ya daɗe, ko wanda ya sha rana a tebur cikin kasuwa, ba abin dogara ba ne. Bayan ɓari kuma layi biyu suna iya fitowa har ƴan makonni, don ɗan aike bai gama fita ba.

Tsinke ba ya faɗin namiji ne ko mace. A nan bai fi alkamar Fir'auna ba. Kuma ba ya faɗin inda cikin ya zauna. Wani lokaci ƙwai ba ya isa mahaifa, sai ya tsaya cikin ƴar siririyar hanyar nan, ya fara girma. Hanyar ba ta iya ɗaukarsa, sai ta fashe, jini ya zuba cikin ciki inda ba a gani. Wannan yana kashe mace cikin awoyi. In layi biyu suka fito, sannan ga ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara, ko ɗigon jini, ko jiri, ba maganar jiƙo ba ce. Kai maigida, ka nemi amalanke ko mota a wannan daren, kada ka jira kasuwa ta ci. A ganina ko domin wannan kaɗai, ɓerayen Barlin ba su mutu a banza ba.

Sanin ciki da wuri yana sa mace ta bar shan magani barkatai, don a watanni ukun farko ne ake ƙera gaɓoɓin yaro. Yana sa ta fara zuwa awo. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce awon farko ya kasance kafin ciki ya wuce mako 12. A can ake ba da maganin ƙarin jini da sange, in ciki ya shiga wata na huɗu a fara ba da maganin kare zazzaɓi.

Akwai kuma zancen ciki kwantacce. Mace ta yi wata da watanni ba ta ga jini ba, ciki bai girma ba, sai a ce ya kwanta. Ni ba alƙali ba ne, ba zan yanke hukunci ba. Abin da lokotoro zai ce shi ne, ciki mai rai yana tare da ɗan aikensa. In an gwada an sake gwadawa layi ɗaya ne, to a je a nemi abin da ya tsai da jinin. Yana yiwuwa shayarwa ce, ko rama, ko ƙari a mahaifa, ko shekaru ne suka zo. Wasu daga ciki suna da magani in an gan su da wuri.

To, bisashe fa?

Na san akwai mai kiwo da ke karatun nan yana cewa, bari in gwada ma saniyata. Kada ka ɓata kuɗinka. Saniya ba ta yin HCG. Akuya ma haka, tunkiya ma haka. Kowane jinsi da nasa ɗan aiken.

Amma tambayar mai nauyi ce. Rani ya yi tsanani, ciyawa ta ƙare, dole a sayar da wasu don a ciyar da saura. Wace za a kai kasuwa? Wanda ya ga farin 1973 ko na 1984 ya san wannan tsayuwa. In ka sayar da mai ciki ba ka sani ba, ka ba da biyu a kuɗin ɗaya. In ka riƙe wadda ba ta ɗauka ba, ka ciyar da ita rani guda, damina ta zo ba maraƙi ba nono. Mahauta ma sun san yadda ake fiɗe saniya a tarar da ɗan tayi.

Goɗiya aka fara ganewa. A 1930 masana biyu a Kalifoniya ta Amurka, Cole da Hart, suka sami ɗan aike cikin jinin goɗiya mai ciki. Yana bayyana wajen kwana 40 bayan ingarma ya hau ta.

Saniya ta fi wuya. An daɗe ba wata hanya sai lokotoron bisashe ya sa hannu ta dubura ya taɓa mahaifa, bayan wata ɗaya da rabi ko biyu. Wajen 1971 a Ingila aka koma ga furojestaron, mai riƙe shimfiɗa, wanda muka ambata a baya. Ana samunsa cikin madara. Saniyar da ba ta ɗauka ba tana sake neman sa bayan kamar kwana 21, a lokacin furojestaron ya faɗi ƙasa. Don haka in an auna madara a kwanakin nan aka ga babu shi, tabbas ba ciki. In akwai shi, mai yiwuwa ne kawai, don wasu dalilai ma suna sa ya tsaya.

A 1982 masana a jami'ar Aidaho ta Amurka suka gano wani furotin da mabiyiyar saniya ke zubawa cikin jinin uwa. Furotin shi ne irin abin da ke gina nama da farin ƙwai. A 1991 wasu a birnin Liyej na ƙasar Beljik suka tace irinsa. Wannan shaida ce daga ɗan tayin kansa, kamar HCG wurin mace. Daga wajen kwana 28 zuwa 30 bayan barbara, ɗan jini kaɗan ya isa a gane. Yana aiki wurin akuya da tunkiya. Aibinsa ɗaya: bayan saniya ta haihu yana daɗewa cikin jini wata biyu zuwa uku. In an yi gaggawar gwadawa, tsohon ciki zai amsa a madadin sabo.

Mai raƙuma kuwa bai jira masana ba. Ku tambayi makiyayan arewacin Tawa ko na Damargu. In ana so a san ko taguwa ta ɗauka, sai a kawo amale kusa da ita. In tana da ciki za ta ɗaga kai, ta murɗe wutsiya sama, ta ƙi shi. Tana fara yin haka wajen mako biyu bayan barbara, alhali cikin nata zai yi wata goma sha biyu zuwa sha uku. Lokotoron bisashe sun bi wannan alama, suka auna jinin taguwar, suka tarar a daidai kwanakin nan furojestaron ya hau.